Goran Iskar Tungar Gawo

"Lahiya lau. Ina gajiya, amarya? Ko da yake ban ga aikin da kinka yi ba, in ba kwanciya ba."

"Gajiya ta bi lahiya. Ina rana? Ina hanya? Ka ishe mutane lahiya? To madalla. Saki asabarin ga tun ba ka cika min ɗaki da baƙuwar iska ba."

Sallau ya saki asabarin ƙofa, ɗakin ya koma duhu dunɗum, alhali a waje rana ce tsaka. Sai da idonsa ya saba sannan ya hangi kakarsa Batulu a kan gadon kara, ta jingina da bango, ta rame har zanen jikinta ya yi mata yawa. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma an cusa mata tsumma. A bakin gado ga ƙwaryar kunun tsamiya da mahaifiyarsa Turai ta ajiye tun da safe, ya huce har ya yi yana a sama, ludayin kuwa a bushe yake.

Tun da ruwan madatsar Bakolori ya haɗiye ƙauyensu, Tungar Gawo, aka kwaso mutanen aka zube su a kan wannan tudu na gefen Maradun, Batulu ba ta sake komawa daidai ba. Wanda ya zaɓa musu wurin, ko waye shi, da gani bai taɓa riƙe fartanya ba. Tsakuwa ce zalla, babu fadama, babu itacen da akuya za ta raɓa ta sha inuwa. Tsohuwa ta ce iskar wurin ba ta shiga ƙirjinta, a maƙogwaro take tsayawa. Da farko an ɗauka ƙorafin tsufa ne. Sai ta toshe taga, ta saki asabari, ta rage cin abinci, daga baya ma ta daina gaba ɗaya, sai ruwa. Ɗanta ya yi lallashi har ya gaji, amma ɗan fari ne, ko ido ba ta haɗawa da shi. Turai kuwa suruka ce, iyakarta ta ajiye ƙwarya ta fita ta share hawaye a madafa. Mutum ɗaya ne a gidan yake da ikon ya zage ta tas ta rama, shi ne jikanta. Shi ya sa ranar kasuwar Talata Mafara Turai ta bi shi har makarantar sakandaren da yake shekarar ƙarshe, ta ce ya zo, tsohuwa tana neman tafiya.

Sunan kakansa marigayi Jibo aka sa masa, don haka Batulu ba ta taɓa kama sunansa na yanka ba. Sallau take ce masa, tunda ranar Sallah aka haife shi, ko kuwa maigida idan ta so tsokana. Jiya da ya iso ya tsare ta da zolaya, mi amarya za ta ci, sai ta nuna masa goran Jibo da ke rataye a bango, wanda yake zuwa gona da shi. Ta ce ya je ya ɗebo mata iskar Tungar Gawo a ciki, in ta shaƙa ta ji garinsu, za ta ci tuwo ko da na tsakuwa ne. Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Shi ne yau ya yi sammako, ga shi ya dawo da goran a rataye, an toshe bakinsa da totuwa.

"Ka zo da ita?" in ji Batulu.

"Haba amarya! Miji ya dawo daga tahiya, ko ruwa ba ki miƙa mai ba, sai 'ka zo da ita'?"

"Miji? Kai? Mijin da in ya laɓe bayan karan dawa ba a ganinai? Dubi ƙahwahu kama da na balbela."

"Balbelag ga dai ita kinka aika. Ina sauran mazan naki? Ban ga sun yi layi ƙohwar gida ba."

"Sun yi. Ni nik kore su don tausayinka. In na bar ka, wa za ta kwashe ka?"

"'Yan mata na can Mahwara suna hwaɗa bisa kaina. Ni ko na liƙe ma mai haƙori biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, ko gaisawa ba su yi."

"Haƙora biyun ga sun ci naman da ba ka taɓa gani ba ko cikin mahwalki. Lokacin da nike tashe, irinka ko tuluna ban ba shi ya ɗauka, kada shi karye in shiga uku da uwatai."

Muryarta ba ta da ƙarfi, sai ta tsaya ta huta a tsakiyar magana, amma zagin yana fita daidai. Wannan ya ɗan kwantar wa Sallau da hankali. Ya sauke goran ya zauna a ƙasa kusa da gadon.

"Hwaɗa min gaskiya, ka je dai? Ko bayan gari kat tsaya kac cika min shi da iskar jakkai?"

"Na je har can. Yaya yak kai ni cikin jirgi."

"Wane Yaya?"

"Yaya mai albasa, na bayan masallaci."

"Mi yah haɗa Yaya da jirgi? Mutumen da ko rahi bai tsallakewa sai an riƙe mai hannu?"

"Kihi shike kamawa yanzu. Ya ce har yau gonatai shike zuwa kullum, bisa kawai yak koma bi."

Batulu ta yi wani ɗan sauti a hanci wanda ya so ya zama dariya bai kai ba.

"Ƙaƙa kunka gane wurin?"

"Gawon. Kanai na nan bisa ruwa, ya bushe, tsuntsaye sun mai da shi hwari tas da kashi. Ga reshenai munka ɗaure jirgi. Nic cika goran da ruwa tukuna, niz zubas, don iskar hanya ta hita ta wurin ta shiga. Sannan nit toshe. Aiki na masu ilimi, ba irin naku ba."

"Ilimin cika gora. Ubanka ya yi asarar gero."

Abin da bai faɗa mata ba shi ne shirun wurin. Yaya ya riƙa nuna ruwa da filafilin tuƙin jirgi yana cewa nan masallaci, nan rijiya, nan gidanku, shi kuwa Sallau ba ya ganin komai sai ruwa ja-ja-ja da inuwar fuskarsa. Ya yi ƙoƙarin tuna inda turmin kakarsa yake, ya kasa. Ya daɗe bai ji baƙin ciki irin na wannan safiya ba.

"Gabas da gawon hwa?" Ta tambaya a hankali. Maƙabarta take nufi, inda aka ajiye Jibo shekaru kafin ruwa ya zo.

"Mun tsaya. Mun yi musu addu'a, ni da Yaya."

"Allah shi karɓa. Miƙo."

Ta karɓi goran da hannu biyu. Totuwar ta ƙi fita, amma da ya kai hannu zai taimaka sai ta make shi. Da ta samu ta zare, ta kafa hancinta a bakin goran, ta rufe ido, ta ja numfashi iyakar ƙarfinta har haƙarƙarinta suka fito. Ta sake ja. Ta jijjiga goran kamar mai neman sauran fura a ƙasa, ta kuma ja na uku. Sallau ya ƙura mata ido.

"Ruwa na," ta ce. "Ruwa kawai. Babu kowa ciki."

Ta ajiye goran a hankali, ta zame ta kwanta, ta juya fuskarta bango.

"Ka yi ƙoƙari. Koma makarantarku, kada a yi karatu ba kai. Allah shi yi ma albarka, ya ba ka mata ta gari."

Nan ne tsoro ya kama Sallau sosai. Tun yana rarrafe kakarsa ba ta taɓa sa masa albarka a fili ba sai ta haɗa da zagi, ba ta kuma taɓa yarda cewa akwai wata mata da zai aura bayan ita ba. Albarka tsurarta daga bakin Batulu sallama ce. Ya ji hawaye ya taho, ya danne shi da ƙarfi, don ya san in ya yi kuka a ɗakin nan to ya zama kamar kowa, sai dai ya ɗauki ƙwarya ya fita.

"Wace mata ta gari? Saki kike nema da wayo? To ban bayarwa."

Ya taɓa kafaɗarta, ya ci gaba.

"Kin san nis so in cuce ki? Kan hanyar Dosara na ishe wata macce tana dahuwar kalwa, hayaƙi na tashi, warin daddawa har bakin hanya, irin na gidanmu sak. Nit tsaya, har na kama totuwa zan zare in ɗebo maki. Sai nic ce a'a, ba ni yi ma matata ƙarya."

Gadon kara ya yi ƙara. Batulu ta juyo da kai.

"Kuma ba ka ɗebo ba?"

"Ban ɗebo ba."

"Shashasha! Sakarai! Tsohuwa na kwance tana mutuwa, ka samu ƙaryar da za ta tashe ta, kat taho da gaskiya cikin gora? Da mai sunanka na, da ya cika shi da hayaƙi har wuya, ya rantse min da kabarin uwatai."

Bai taɓa jin daɗin zagi kamar wannan ba. Maza ya laluba aljihu ya fito da ƙullin soyayyar gyaɗa da ya saya a tashar Maradun, ya jawo faifai, ya tura shi inda wani siririn haske yake shigowa ta gefen asabari. Ya juye gyaɗar ya shiga ƙirgawa.

"Mi kake yi kuma? Sadakina na? An ba ni shanu na ƙi, sai gyaɗa?"

"Karatu zan koya maki, tunda na lura jahilci ad damuwarki. Malam Thomas, wanda ka koya muna kimiyya, ya ce iska ba abu guda ba ta. Gauraye take, iri-iri, kama da hatsin da anka zuba buhu guda. Ga gyaɗa ɗari, ita ta iskar duniya dut."

"Duniya ta yi arha."

Ya ware babban tsibi gefe guda. "Saba'in da takwas. Wagga sunanta naitirojin. Ita ta hi yawa, ita wake da gyaɗa ka jawowa cikin ƙasa gona ta yi kyau." Ya ware ƙarami. "Ashirin da ɗaya, oksijin. Ita ka tada wuta, ita ka riƙe da rai. In babu ta, ko ke da taurin kanki ba ki kai la'asar."

"Waɗanga sunayen ɗiyan Malam Thomas na, ko na karnukanai?"

"Saurara dai. Tsibin ga biyu, yadda suke Tungar Gawo haka suke tudun ga, haka suke Bakura, haka suke Makka. Ko ƙwara guda ba a rage maki ba."

"Ƙarya kake. Ni da hancina."

"Ga guda ta rage." Ya ɗaga ƙwara ɗaya a cikin hasken. "Dut sauran abin da ac cikin iska, nan shike cikin wagga."

Batulu ta yunƙura ta tashi zaune, ta ƙanƙance ido tana duban gyaɗar.

"To ina warin kalwa? Ina huren ɗorawa in bazara ta kama? Ina ƙamshin hwadama ranar ruwan hwari, da hayaƙin kara, da albasar Yaya in an tuge ta? Nuna min su cikin gyaɗarka, malam."

Sallau ya murza gyaɗar tsakanin yatsunsa, jan ɓawon ya saɓule ya faɗo a tafin hannunsa, ɗan firit.

"Kin ga ɓawon ga? Mahi yawanai ita ta iskar da muke hitarwa itace ya sha. Sai wasu 'yan mitsi-mitsi, niyon, hiliyam, da wasu da sai an tara ɗaki guda kahin a samu abin da ya kai ƙwayar gero. Ƙamshi ko, bai kai ƙurar ɓawon ga ba. Ko lissahi ba a sa shi. Kuma bai daɗewa. In abin da ka bada shi ya tahi, shi ma ya tahi."

"To ka gani. Shi nike nema, shi na babu."

Sallau ya dubi ɓawon da ke tafinsa. Ɗorawar tana ƙarƙashin ruwa, fadamar ma haka, matan da suke dafa kalwa tare sun watse, wata ta koma Morai, wata Tsibiri, wata ba a ma san inda ta nufa ba.

"Babu shi, Kaka," ya ce. "Ya tahi. Ko na koma da gora goma ban samo maki shi."

Kaka ya ce mata, ba amarya ba, kuma ta ji. Ta kamo hannunsa ta jawo kusa da fuskarta, ta dubi ɗan jan ɓawon nan ta daɗe, sannan ta hure shi. Ya tashi ya bi ta cikin hasken ya ɓace a duhun ɗaki. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba, shi ma bai ce mata ta yi haƙuri ba. Suka zauna haka, ana jin Turai a waje tana kankare tukunya a hankali don kada ta yi motsi.

Can sai tsohuwa ta ja hanci, ta nuna farar gyaɗar da ta rage a hannunsa.

"Wagga tsirarag ga hwa? Ita ba ta da suna?"

"Argon."

"Allah shi sawwaƙe. Mi take yi?"

"Ba ta komi. Malalaciya ta. Ba ta tada wuta, ba ta kashe ta. Itace bai shan ta, ƙasa ba ta cin ta, ba ta ruɓewa, ba ta haɗa jiki da kowa. Yadda tash shiga ƙirjin mutum haka take hitowa, ta yi gaba abinta."

"Shiga da hita kawai? Ba ta ɗauke ko tsinke?"

"Ko tsinke."

"Kai ta biyo."

"Ni ko mai sunana?"

Batulu ta buɗe baki za ta musa, sai ta tsaya. "Kada ka ci naman mamaci. Gona kam ya yi noma, ba a hi shi ba. Amma cikin gida, wallahi ita ta. Ya shigo ya ce tuwo ya nuna? In ce da saura. Ya hita. Ya komo ya ce yanzu hwa? Akuya na cin garin tuwo gabanai, sai dai ya kira ni in zo in kore ta."

"To ji sauran. Tunda ba ta lalacewa, wadda ac cikin iska yau ita ta tun ta kakannin kakanni, tana yawo. Wadda tsoho yash shaƙa yam mayas, shekara da shekaru, gona da gida da gindin gawo, ba ta bi shi kabari ba. Bisa ta yi. Ruwa ya ci gari, bai same ta ba. Iska ta gauraya ta da ta duniya dut. Malam Thomas ya buga muna lissahin ga allo har alli ya ƙare: kowane numhwashi mutum yaj ja, akwai ɗan wani abu ciki daga wanda mutanen da sunka shuɗe sunka hitas."

"Kai! Kama bakinka kada ka yi saɓo. Rai na wurin Mai shi."

"Ban ce rai ba, Kaka. Ranai na wurin Allah, Allah shi jiƙanai. Iskar da tab bi ta ƙirjinai nike hwaɗi."

Ta juya maganar a ranta. Sallau ya ga yatsunta suna murza bakin zane, abin da take yi ke nan in tana ciniki a kasuwa ba ta so a gane kayan sun yi mata.

"Har da ta ɓarayi ke nan."

"Har da su."

"Da ta jakkai."

"Da ta jakkai."

"Da ta wanda ya zaɓa muna tudun ga?"

"Har da tashi."

"Tir! Shi ya sa take tsaya min ga wuya." Ta tofar da yawu gefe. Sannan muryarta ta sauka. "Tashi hwa, nawa ta ciki? Ta mai sunanka."

"Kaɗan ƙwarai. Ba ta ganuwa, ba ta aunuwa ga mudu. Amma ba a rasa ta."

"Kai dai ba ka san shi ba, kana ƙarami. Mutumen da in ya kwanta gindin gawo bayan azahar, munsharinai har tsallaken gulbi ana ji? Iskar da bawan Allah wanga yaj ja yat tura, ta mutum goma ta. In dai rabo a kai, kasonai ya hi na kowa."

Dariya ta kufce mata, ta gaske, irin wadda ba a ji ba tun da aka hau tudun nan. Dariyar ta koma tari, tarin ya koma kuka, Sallau ya riƙe kafaɗarta yana jin ƙasusuwan kamar kara a hannunsa. Ya ba ta ruwa ta kurɓa.

"Kin ga aikinki ko?" ya ce da ta lafa. "Kin toshe taga, kin saki asabari, kin bar dattijo tsaye ƙohwa cikin rana wata da watanni. Sannan kinka ɗauki ƙaramin miji kinka tura shi bisa ruwa nemanai. Wace irin macce ta ke?"

"Cikin ɗakin ga babu shi?"

"Akwai. Ko kin toshe sai ya samu kahwa, kin san halinai in ya ji ƙamshin tuwo. Amma ki bar mutum ya shigo ta ƙohwa mana, kamar mai gida."

Batulu ta dubi asabarin, ta dubi tsumman da ke taga. Ta daɗe tana kallonsu.

"Tashi, mai ƙahwar balbela. Naɗe shi. Cire tsumman ga ma."

Ya naɗe asabarin har sama ya ɗaure, ya fizge tsumman. Haske ya cika ɗakin, wata iska mai zafi ta shigo daga kan tsakuwa, ba ta ɗauke da ƙamshin komai. Tsohuwa ta kare ido da hannu. Ta ja numfashi a hankali, ta riƙe, ta sake, ta kuma ja wani wanda ya fi na farko zurfi.

"Ban ji komi ba."

"Ba ta da wari, Kaka."

"Na sani. Ba ƙorahi nike ba." Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ja zane ta rufe kafaɗa. "Sannu da zuwa, maigida. Ka sha rana."

Sallau ya buɗe baki zai mayar mata da wata tsiya, sai ya ga ba shi take kallo ba, ƙofar take kallo. Ya sunkuyar da kai, wannan karon hawayen bai tsaya neman izininsa ba.

"Kuka kake? Namiji? Dubi abin da anka bar min." Ta miƙo hannu. "Ba ni malalaciyag ga."

Ya ɗora mata farar gyaɗar a tafi. Ta jefa ta baki, ta shiga juya ta tana neman inda haƙoran nan biyu za su haɗu a kanta. Da ƙyar ta fashe. Ta tauna, ta haɗiye, shi ne abu na farko da ya wuce maƙogwaronta ban da ruwa tun da ta daina ci.

"Ba gishiri. Ko gyaɗa ba ka iya saye ba." Ta ɗaga murya iyakar yadda za ta iya. "Turai! Wanga kunu ya mutu tun sahe. A ɗumamo shi, a ƙara tsamiya, gidan ga da baƙo!"

Aka ji ƙarar tukunya ta suɓuce a tsakar gida, sannan gudun ƙafa. Turai ta shigo ta ɗauki ƙwaryar, ta fita tana goge fuska da gefen mayafi.

Batulu ta laluba ta ɗauko goran Jibo daga kan gado, ta shafa wuyansa inda hannu ya sa ya yi sheƙi, ta tura wa jikanta.

"Riƙe. Ka ci ni yau, amma kada ka saba. Garinmu dai ya tahi, ban ce ka maido min shi ba."

"Ban maido ba, Kaka."

"Amarya. Wa yac ce ka sake ni?"

Ya yi dariya hawaye yana shiga masa baki. Ya ɗauki totuwar daga ƙasa zai mayar a bakin goran, ta buge masa hannu.

"Bar shi buɗe," ta ce. "Mutumen bai son zama wuri guda."

Sallau ya jefar da totuwar ta taga, ya rataya goran a kafaɗa, ya zauna a bakin ƙofa yana jiran ya ga kunu ya shiga bakinta kafin ya yarda ya tafi.